Gashin Tunkiya da Silin Auduga: Abin da A Ke Gada

Ya kai manomi, in ka taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Muwailih a yammacin Omdurman ka ga ragunan Hamari da na Kabashi da a kan koro daga Kordofan. Manya ne, masu dogayen ƙafafu, amma shafa bayan ɗaya ka ji. Gashi ne gajere mai kaushi, kamar na Uda da Balami na ƙasar Hausa. Ba ya kaɗuwa. Tunkiyar Merino kuwa, wadda asalinta Sifen ne, aka kai ta Ostareliya a 1797, ulu gare ta mai laushi, shi a ke saƙa bargo da kwat da shi.

To, mene ne ya raba su? Ba ciyawa ba ce, gado ne. A fatar tunkiya akwai ramukan gashi iri biyu, manya masu fid da gashi mai kauri, da ƙanana masu fid da ulu. A jikin Merino kowane babban rami yana da ƙanana wajen 20 kewaye da shi. Tumakinmu 'yan kaɗan gare su. Yawan ramukan nan da kaurin silin suna bin ƙwayoyin gado, waɗanda ke jere a kan wasu zarurruka 54 cikin jikin dabba, 27 daga rago, 27 daga tunkiya. Ba ƙwaya ɗaya ke wannan aiki ba, suna da yawa, shi ya sa ɗan da aka haɗa iri biyu ya kan fito tsaka-tsaki. Ko ka cika Hamari da angurya ƙiba zai yi, ba zai zama Merino ba. Wannan ba aibu ba ne, gama ulu a zafin Khartoum wahala ce ga dabba.

Me ya kawo zancen tumaki cikin takardar auduga? Don tsawon silin kaɗarka ma gado ne. A tashar bincike ta Shambat, ƙetaren Nilu daga Omdurman, wani masani R. L. Knight ya yi aiki kan ciwon nan mai baƙanta reshen auduga, wanda ya ɓata gonakin Jazira. Ya haɗa Sakel mai dogon sili da audugar Amurka mai jure ciwon, aka buga sakamakon farko a 1939. Silin 'ya'yan farko bai kai na Sakel ba. Sai ya yi ta mai da su ga Sakel, shuka bayan shuka, yana zaɓen masu jurewa kaɗai, har tsawon sili ya komo, juriya kuwa ta zauna.

Aikin shekaru ke nan, amma mudu ɗaya na anguryar da ba a san asalinta ba ya isa ya gauraye shi. Saboda haka kada ka shuka ta kasuwa, ko wadda ka sayo don dabbobi. Karɓi irin da aka raba maka, ka ajiye shi dabam cikin buhunsa. A garke kuma, ragon da ya fi kyau shi za ka bari ya yi barbara, kada kuɗin layya su ruɗe ka ka sayar da shi. Sauran a dandaƙe su tun suna ƙanana.