Karnukan Da Aka Fitar Da Rai A Kansu

A watan Afrilun 2007 jami'an tsaro suka kai samame wani gida a gundumar Surry, jihar Bajiniya ta Amurka. Gidan na Michael Vick ne, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka da ke buga wa ƙungiyar Atlanta Falcons a lokacin. A dajin da ke bayan gidan suka tarar da karnuka kusan 50 na jinsin pit bull, da yawansu ɗaure da sarƙa. Ana kiwon su ne don a haɗa su faɗa a yi caca a kansu, wanda ya gaza kuma a kashe shi.

Kotu ta ɗaure Vick wata 23, ya kuma biya sama da dala 900,000 don kula da karnukan. Saura tambaya ɗaya: yaya za a yi da su? A lokacin, galibi karen da aka ƙwato daga masu haɗa faɗa kashe shi ake yi, har manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi irin su PETA shawarar da suka bayar ke nan. Amma kotu ta yarda a gwada halin kowane kare shi kaɗai, ta kuma naɗa Rebecca Huss, farfesar shari'a, ta zama mai kula da makomarsu.

Abin da ƙwararrun da suka gwada karnukan suka gani ya ba su mamaki. Sun yi zaton za su tarar da mafaɗata, sai ga karnuka masu rawar jiki, wasu na manne ciki da ƙasa, ba sa iya fita waje sai an ɗauke su a hannu. Tsoro ne ya cinye su. Kare ɗaya tak aka kashe saboda tsananin faɗa, aka raba 47 ga ƙungiyoyin ceto.

Ƙungiyar Best Friends da ke jihar Yuta ta karɓi 22 waɗanda suka fi firgita, BAD RAP ta Kalifoniya ta ɗauki wasu. Ba duka, ba tsawa. Mai horo yakan zauna gefe ba tare da ya zura wa kare ido ba, ya jira shi ya matso don kansa, sannan ya saka masa da ɗan abinci. Ya koyi gane alamun fargaba: cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, lasar leɓe, kau da kai. Da ya gan su sai ya ja baya. A haka aka koya wa karnukan tafiya da igiya, hawa matakala, da zama cikin mutane. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

Daga cikin karnukan, Leo ya zama karen da ke ziyartar masu cutar daji yana ɗebe musu kewa. Jonny Justice yakan kwanta a laburare yara suna koyon karatu a gabansa. Frodo, na ƙarshensu, ya mutu a Disambar 2021 a gidan iyalin da suka riƙe shi.

A 2009 ƙungiyar Humane Society ta Amurka, wadda da farko ta goyi bayan kashe su, ta sauya matsayinta: kowane kare a auna halinsa kafin a yanke masa hukunci. Duk mai riƙe da dabba ya ɗauki darasi, domin abin da sarƙa da bulala suka ɓata, tausayi da sanin makamar aiki ne suka gyara shi.