Tsargiya: Idan Ƙwai Ya Ɓuya, Jini Kan Tona Asiri

A gonakin rake na Maƙarfi da Kudan, da fadamun tumatir na Ikara, mai ban ruwa kan wuni da ƙafa a jiƙe. Ta nan tsargiya ke shiga. 'Ya'yan tsutsar da ke kawo ta kan fito daga jikin dodon koɗi, su huda fata, su girma, su koma jijiyoyin da suka kewaye mafitsara, su yi ta zuba ƙwai. Theodor Bilharz, likita Bajamushe, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851.

Gane ta a jikin yaro ba wuya. Jini kan biyo ƙarshen fitsari, in kuwa aka karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana aka tace, sai ga ƙwai a madubin awo, kowanne da ɗan tsini a gindi.

Ga babba ne ake shan wuya. Da shekaru suka tura, ƙwai kan maƙale a bangon mafitsara, kaɗan ke fita. Mutum na fama da ciwon mara da yawan fitsari, a ce masa sanyi ne, ya yi ta haɗiyar kafso daga kemis, alhali kafso ba ya taɓa tsutsa.

Sai dai fararen ƙwayoyin jini ba su ƙyale ƙwan nan. Wani jinsinsu, iyosinofil, wanda Paul Ehrlich ya bayyana a 1879, shi ne gwanin yaƙi da tsutsotsi. Sukan yi wa ƙwan taron dangi, wasu su zubo cikin fitsari tare da wani sinadarinsu mai suna ECP. Masu bincike a Sudan sun tarar da su a fitsarin masu tsargiya. A Kenya kuma an ga ECP na hauhawa gwargwadon raunin da hoton mafitsara ya nuna, yana sauka bayan an sha maganin praziquantel.

Shaidar iyosinofil kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Asma da tsutsar ciki ma kan ƙara yawansu a jini, awon ECP kuwa har yau ya fi zama na masu bincike. Amma fitsarin da ya cika da fararen ƙwayoyi, aka shuka shi a ɗakin gwaji bai tsirar da komai ba, ya kamata ya sa likita tambayar mai shi ko yana aikin fadama, ya kuma tuna da tarin fuka na mafitsara.

In ta kama, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, a leƙa mafitsara a gutsuro nama a duba. Dalilin gaggawar: tun 1994 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da ke haddasa kansar mafitsara.