Tsuntsayen Damargu: baƙin da ke yi wa manomi aiki kyauta

A wasu ƙasashe mutane kan biya kuɗi a kai su bakin teku tare da ɗan jagora don kallon tsuntsaye kawai. Mu nan Damargu ba mu da teku, amma muna da tafkunan da damina ke bari a Ollelewa, da kwarin Tarka wajen Belbeji, da dajin da ya miƙa har Tanut. Wasu daga cikin tsuntsayen da ake kallo a Turai, nan suke zuwa cin rani.

To, a ce mun tashi daga Bakin Birji da sassafe a watan Oktoba, muka samu makiyayi ko tsohon maharbi da ya san daji ya shige mana gaba. Me za mu gani?

Tun kafin mu bar gonaki za mu tarar da balbela na bin shanu, tana kama farar da kofatonsu ke tayarwa. A sama ga shirwa na shawagi. Ɗan jagora zai nuna mana sawun dila da na bushiya a kan rairayi, wataƙila ma kurege ko damo ya gilma. Da mun kusanci tafki sai a rage murya, a zauna nesa kaɗan, rana tana bayanmu. A nan ne ake ganin zalɓe tsaye cikin ruwa yana dakon abinci, ga kirinjijiya garke guda, ga ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tonon laka. Da yawa daga cikin waɗannan ƙananan a Turai aka ƙyanƙyashe su, suka ƙetare teku da Sahara kafin su sauka wurinmu.

Ita kuwa shamuwa kowa ya san ta. Zuwanta ne ke shaida wa manomi cewa damina ta kusa, kuma a itatuwan cikin gari take yin sheƙa, ba mai taɓa ta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda take zuwa idan ta ɓace mana. Masu bincike sun ɗaura wa wasu shamuwoyi na'ura a nan Nijar, suka bi su ta tauraron ɗan'adam har ƙasar Tanzaniya. Wato ruwan sama take bi: da ya ɗauke a nan, sai ta nufi inda yake sauka.

Me ya shafe mu da wannan? Ai fara. Shamuwa, balbela, shirwa da ƙananan shaho duk fara suke ci, wuni guda suna aiki a gonar gero ba a biya su ko dala ba. Ba mu manta da jan baki ba, wanda ke cinye zangarniya, manomi na da gaskiya idan ya kore shi. Sai dai a bambanta ɓarawo da mai gadi.

Ga misalin abin da ake asara. A 2013 masu bincike a ƙasar Girka suka sa wa wata ƴar farar ungulu na'ura, suka raɗa mata suna Paskalis. Ta ƙetare teku da hamada lafiya, ta zo cin rani jihar Damagaram. A farkon 2014 wani maharbi ya kashe ta, domin ana sayen sassan ungulu a kasuwar masu tsibbu. Alhali ungulu ce ke share mushe a bayan gari kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Tuji ma, da dattawa ke ba da labarin yawansa, yau sai an yi tafiya mai nisa kafin a gan shi.

Saboda haka ga roƙonmu. Malaman makaranta, ku fita da yara bakin tafki ko sau ɗaya bayan damina, ku tafi da dattijon da ya san sunayen tsuntsaye, a rubuta su a littafi. Iyaye, a ja wa yara kunne kan kwashe ƙwai da harbi da danƙo. Makiyaya, kada a sa wa mushe guba don dila, ungulu ce ke fara mutuwa. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa ko na'ura a baya, ya kai wa ma'aikatan gandun daji mafi kusa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona.