Shirin Musamman: Tsohuwar Shaida da Sabuwa a Fagen Tsaron Kwamfuta

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraronmu na Makoda da Koguna da Maitsidau da Wailare, da sauran garuruwan da muryarmu take kaiwa, yau shirinmu na musamman zai yi bayani a kan wata mas'ala da ta shafi 'ya'yanmu masu neman ilmin zamani, watau takardun shaidar ƙwarewa a kan tsaron hanyoyin sadarwar kwamfuta, da hukuncin mai riƙe da tsohuwa idan aka fito da sabuwa.

Kada manomi ya ce wannan zance bai shafe shi ba. Duk wanda ya taɓa miƙa katinsa ga mai POS a kasuwar Dambatta, ko ya tura wa dillali kuɗin taki ta wayar hannu, ko ɗansa da ke ci-rani a Legas ya aiko masa da kuɗin cefane, to dukiyarsa ta ratsa ta wasu hanyoyi da ido ba ya gani, waɗanda ɓarayin intanet suke dako a kansu dare da rana, kuma ba abin da ya tsare ta, bayan kiyayewar Allah, sai wasu ma'aikata da aka ɗora wa amanar gadin hanyoyin nan. Da yake banki ko kamfanin waya ba shi da halin jarraba kowane mai neman aiki tun daga tushe, sai ya dogara ga shaidar da wasu cibiyoyi suke bayarwa, irin su kamfanin Cisco da cibiyar CompTIA, dukkansu na Amurka.

A al'adarmu ta karatu, idan ɗalibi ya sauke littafi a gaban malaminsa, malam ya gamsu da fahimtarsa ya ba shi ijaza, to ta zama tasa har ƙarshen rayuwarsa, domin matanin da ya karanta ba zai sauya ba. Shaidar da muke magana a kanta ta saɓa wa wannan, saboda wa'adi ake yanka mata, galibi shekara 3, bayansa ko dai mutum ya sabunta ta ko kuwa ta faɗi. A da CompTIA takan ba da tata ta har abada, amma daga farkon shekarar 2011 ta daina, bisa hujjar cewa fannin da abokin gaba yake sauya dabara kullum bai kamata a yi wa mai gadinsa shaida sau ɗaya a ce an gama ba.

Sauyi mafi girma da masu wannan sana'a suke tunawa shi ne wanda Cisco ya sanar a watan Yuni na 2019, ya kuma fara aiki ranar 24 ga Fabrairu 2020. Kafin ranar, matakin farko da ake kira CCNA ya kasu rassa da dama, ciki har da reshen tsaro mai zaman kansa, kuma wanda yake son hawa mataki na gaba, watau CCNP na tsaro, sai ya riƙe na farkon, sa'an nan ya ci jarrabawa 4. Da sabon tsari ya zo, sai aka dunƙule rassan suka koma jarrabawa ɗaya mai lamba 200-301, aka ɗauke sharaɗin riƙe matakin farko, aka mayar da jarrabawa 4 ɗin nan zuwa 2: babba mai lamba 350-701, wadda ta tattara asalan fannin, da kuma ƙarama wadda ɗalibi zai zaɓa gwargwadon reshen da yake son zurfafawa. Ba a zalunci na da ba, domin wanda shaidarsa take raye a ranar an mayar masa da ita bisa sabon tsari, wanda kuwa ya ci wani sashe na jarrabawa 4 ɗin bai kammala ba, an ba shi shaidar gwanintar abin da ya ci.

Haka kuma CompTIA ta yi da tata shaidar mai suna Security+, wadda da yawa daga matasanmu suke farawa da ita. Ta fito da sabuwar jarrabawa mai lamba SY0-701 a watan Nuwamba na 2023, ta bar tsohuwar, SY0-601, suna tafiya tare na wasu watanni domin waɗanda suka yi nisa da shiri su ƙarasa, kana ta rufe ƙofarta ranar 31 ga Yuli 2024.

(Gajeren kiɗa)

Mai sauraro zai iya cewa, ashe ba neman kuɗi ba ne kawai ya sa ake wannan jujjuyawa? Ba ma musun cewa cibiyoyin nan suna cin riba, amma akwai illa ta haƙiƙa a bayan lamarin. A zamanin da aka tsara tsofaffin manhajoji, kwamfutocin ma'aikata suna cikin gini ɗaya, aikin mai tsaro shi ne ya tsare mashiga, duk wanda ya riga ya shiga kuwa an amince masa. Yanzu bayanai sun koma manyan rumbunan intanet na wasu kamfanoni, ma'aikaci yana aiki daga gidansa da wayarsa, kuma annobar manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry, wadda a watan Mayu na 2017 ta faɗa wa ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta nuna cewa ɓarna idan ta sami shiga takan yaɗu a ciki ba mai tare ta. Shi ya sa sabuwar manhaja ta ƙarfafa ƙa'idar kada a amince wa kowa, na ciki ko na waje, sai an tantance shi a kowane mataki.

To ina matsalar ɗan Makoda a nan? Yaron da ya yi karatu a makarantar kwamfuta ta Kazaure, ko cibiyar Digital Bridge da ke Kano, ko ya shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, yana kusa da malaman da labari yake isowa gare su. Amma wanda yake karatu shi kaɗai a ƙauye, inda wuta ba ta zama kuma kuɗin data ya yi tsada, yawanci gadon littafi yake yi daga yayansa, ko a tura masa bidiyon darussa a katin waya, ba tare da ya san ko manhajar tana raye ko an shafe ta ba. Kuɗin jarrabawar CCNA dala 300 ne, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, wannan kuɗi ya kai a sayar da buhunan gero, ko a kai tumaki kasuwa, kafin a haɗa shi. Hasara ce babba uba ya yi wannan sadaukarwa, ɗa ya shiga jarrabawa ya tarar da babukan da littafinsa bai taɓa ambata ba.

Saboda haka mas'alar ta kasu gida uku. Na farko, wanda ya riga ya ci tsohuwar jarrabawa: hankalinsa ya kwanta, rufe jarrabawa bai soke shaidarsa ba, tana nan har wa'adinta, sai dai ya lura da ranar ƙarewarta, ya sabunta tun da wuri, ko ta sake jarrabawa ko ta tara makin ƙarin karatu da cibiyar ta shardanta. Na biyu, wanda sanarwar sauyi ta riske shi yana tsakiyar shiri: ya auna kansa da gaskiya, in zai iya kammalawa kafin ranar rufewa ya yi azama, in ba zai iya ba ya koma sabuwa tun yanzu. Na uku, mai farawa: kafin ya sayi littafi ko ya biya kuɗin koyo, ya shiga shafin cibiyar da kansa, ya dubi lambar jarrabawar da take ci, ya gwada ta da lambar da ke bangon littafinsa.

Kada kuma a yar da tsohon littafi, domin asalan ilmin, kamar yadda kwamfuta take gane adireshin 'yar'uwarta da yadda ake ɓoye saƙo, suna nan daram, rassa ne suke sauyawa. Abin da muke gargaɗi a kansa shi ne sayen tambayoyin sata da ake tallatawa a intanet, domin ban da kasancewarsa ha'inci, cibiyoyin nan sukan ƙwace shaidar wanda suka kama, kuma wanda ya haddace amsa bai fahimci illarta ba, ranar da ɓarawo ya kawo hari na gaske ba shi da abin da zai kare dukiyar jama'a da shi.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya zo neman kuɗin jarrabawa, ku tambaye shi lambarta, da ranar da za a rufe ta, da shekarun da shaidar za ta yi tana aiki. In ya amsa duka ukun ba inda-inda, ku taimaka masa iyakar iko.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, Ya sa albarka a noma da kiwo.

(Kiɗan rufe shiri)