Farfesa a Kasuwar Shanun Guéné

Titin da ya taso daga Kwatano a ƙasar Benin ya ratsa Parakou da Kandi, sai ya bi ta Guéné kafin ya kai Malanville, inda gada ke tsallaka da mutum kogin Neja zuwa Gaya a Nijar. Babu jami'a a Guéné. Abin da aka san garin da shi kasuwar dabbobi ce, wadda Fulani makiyaya da Dandawa da fataken Hausawa ke cikawa. Jami'ar Parakou, da aka buɗe a 2001, tana can kudu, tafiyar kusan kilomita 300. Amma malamin da albashi ya gaza masa, in ɗan wannan yanki ne, nan tunaninsa ke fara zuwa.

Neman na gefe ba abin kunya ba ne. Malaman jami'o'in Najeriya sun ɗanɗana kuɗarsu a 2022, lokacin da yajin aikin ƙungiyarsu ta ASUU ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, gwamnati kuma ta riƙe albashi. Wanda ke da gona ya ci tuwo. Wanda ba shi da ita ya ci bashi.

Sai dai doka ba ta sakar wa ma'aikacin gwamnati mara ba. Benin da Nijar duk suna cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci ɗaya, kuma sashe na 9 na dokar ya hana ma'aikacin gwamnati zama ɗan kasuwa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya hana cikakken ma'aikaci gudanar da kasuwancin kansa, amma ya ware noma ya ce wannan babu laifi. A ɓangaren masu Faransanci kuwa, manomin da ya sayar da abin da gonarsa ta ba shi ba a lissafa shi ɗan kasuwa. Don haka malamin da ya noma albasarsa a fadamar Malanville, ya zuba ta a rudu har farashi ya tashi da damina, matsayinsa daban da na wanda ya saye ta mutane a kasuwa don ya sayar da riba. Na biyun ya shiga fatauci, ko da digiri nawa gare shi.

A ganina turka ce ta fi dacewa da mai aikin aji. A sayi ramammen rago ko bijimi wata uku ko huɗu kafin babbar salla, a ɗaure shi a inuwa, a ba shi harawa da dusa da angurya, wadda ba ta wuya a jihar Alibori mai noman auduga. A ba shi maganin tsutsar ciki tun makon farko. Dillali zai buɗe bakin dabba ya duba haƙori, ya matsa gadon baya ya ji ko nama ya zauna, ya faɗi kuɗi, a yi ta "albarka" har a kai ga "na sallama", ya karɓi la'adarsa. A nan karatun malamin sashen noma ke biyansa, domin shi ya san yadda ake auna abinci da lissafin abin da kowace dabba ta ci.

Inda ake karyewa shi ne wajen wakili. Farfesa yana Parakou yana duba jarrabawa, ƙanensa ko ɗan ɗakinsa ne ke tsaye kan garke. In ba a rubuta komai ba, "ai na gida ne" ya isa ya cinye jari da zumunci a shekara guda. A yanka wa wakili kasonsa cikin riba tun farko, gaban shaidu, a ajiye littafin shige da fice.

Iyakar Benin da Nijar ma ba ta da tabbas. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Malanville, manyan motoci suka yi cirko-cirko, kaya suka lalace a kansu. Ga kuma matsalar 'yan bindiga a kewayen gandun dajin W.

Sannan aikin da ya ba shi sunan farfesa yana nan yana jira. A Benin da Nijar, ƙarin girma na bi ta hannun hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968, kuma ita bincike da rubuce-rubuce take dubawa. Malamin da ya bar ɗalibai suna zaman jiransa saboda ranar kasuwa, ko ya tilasta musu sayen takardun darasinsa, ya ci amanar albashin da yake karɓa. Ya kamata hukumomin jami'o'i su fitar da ƙa'ida a rubuce: kowane malami ya bayyana sana'ar da yake yi a gefe, a ba shi izini, a kuma riƙa ƙirga sa'o'in da yake shiga aji.