FAƊUWAR GABA DA RASHIN BARCI: A GWADA JINI TUKUNA

Jama'ar Dutse, Kiyawa, Jahun da kewaye, a saurara!

Mace ce gabanta na faɗuwa, hannu na rawa, ga zufa ko da hunturu. Tana ci tana rama, barci ya gagara. Sai a ce tunani ne, a ruga kemis a sayo mata Valium.

Wani lokaci ciwon yana wuya. Akwai wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Idan sinadarin da take zubawa a jini ya yi yawa, sai jiki ya kasa hutawa. Ba lallai a ga kumburi ba. Maza ma yana kama su.

Valium ba ya warkar da wannan. Cikin 'yan makonni jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ba ta isa sai biyu, ciwon kuwa yana nan yana gajiyar da zuciya.

Wanda ya riga ya saba KADA YA DAINA RANA ƊAYA, yana iya jawo jijjiga kamar farfaɗiya. Likita ne zai rage masa kaɗan-kaɗan.

A zo Babban Asibitin Dutse a ga likita. A taho da kwalin maganin, ba mai yin faɗa.