Masu Wankin Kafet a Dogayen Benaye, Ku Yi Hattara

Sana'ar wankin kafet ta tashi daga bakin titi ta hau bene. A da, in kafet ya yi dauɗa, naɗe shi ake yi a kai wa masu wankin mota. Su shimfiɗa shi a kan siminti, su kwarara masa ruwa, su dirje da buroshi, su rataye a katanga, rana ta ƙarasa aikin. Yanzu kuwa dogayen gidajen zama suna ta tashi a Ikoyi da Victoria Island a Legas, da kuma tsakiyar Abuja, kuma kafet ɗin da ke cikin da yawansu manne yake daga bango zuwa bango. Ba ya naɗuwa, ba ya saukowa, mai wanki ne zai hau ya same shi. Matasa da dama sun rungumi harkar, kuma neman halal abin yabo ne. Sai dai kayan aikin ƙasa suke hawa sama da su, kuma gangancin yana yaɗuwa, domin yaro yana ganin ogansa ya yi ya sauko lafiya, gobe shi ma ya buɗe tasa harkar da irin waɗannan kaya.

A ƙasa iska ce ke kwashe hayaƙi, kwata ta tafi da ruwa, rana ta busar. A hawa na goma babu ko ɗaya daga cikinsu. Duk abin da ka shigar cikin gidan, hayaƙi ne ko ruwa ko sinadari, in injinka bai fitar da shi ba, yana nan zaune tare da mutanen gidan bayan ka karɓi kuɗinka ka tafi.

Mafi muni shi ne injin mai amfani da fetur. An ɗauke wuta, ko mai kula da ginin ya hana a jona, sai a ciccibi ƙaramin janareta a hau da shi, a ajiye a baranda ko a kan matakala. In ka yi magana a ce maka: "Oga, aikin minti talatin ne, kuma mun buɗe taga." Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita take kama shi, ninki sama da 200. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana gargaɗin cewa a ajiye janareta a waje, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, wato kimanin mita 6. Wace baranda ce a gidan haya take da wannan tazarar? Matakala kuwa ta fi muni, domin hayaƙin yana bin ta ya hau, ya shiga ta ƙarƙashin ƙofofin waɗanda ba su ma san ana wanki ba.

Yadda wannan iskar take kama mutum shi ne abin tsoro. Yaron da ke riƙe da tiyo zai fara jin kansa yana sarawa. Can sai jiri, sai tashin zuciya, ƙafafu su yi nauyi. Zai ce masassara ce take son kama shi, ko yunwa, ya jingina da bango don ya ɗan huta, alhali wurin da ya zauna ɗin ne yake kashe shi. Ba yau muka fara jin labarin iyalan da hayaƙin janareta ya halaka cikin dare a Najeriya ba. Duk wanda ya hau bene da injin fetur, wannan masifar ce ya ɗauko ya kai gidan mutane. Wanda ya ji waɗannan alamu ana cikin aiki, a kashe inji, kowa ya fita inda iska take, a nufi asibiti nan take.

Wasu kuma sun ji ana cewa babban injin da ake girkewa a cikin mota shi ne na ƙwararru, sai su zuba jarinsu a kansa. Gaskiya yana da ƙarfi, amma don gidan ƙasa da bene mai hawa ɗaya ko biyu aka fi yin sa. Hawa na goma yana wajen mita 30 daga ƙasa, kuma duk yadda tiyo ya ƙara tsawo, ƙarfin zuƙa raguwa yake yi. In an ja tiyon ta matakala, dole a tokare ƙofofin da aka yi don tare hayaƙin gobara, a bar su a buɗe. In an shigar da motar cikin garejin ƙarƙashin gini inji yana aiki, an koma ga matsalar hayaƙi. Aikin sama na injin lantarki ne mai tayoyi, wanda zai shiga lif, ya tsaya a ɗakin da ake wankin.

Shi ma na lantarkin, ba kowanne ake jonawa ba. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Injin gwanjo da aka shigo da shi daga can, in aka jona shi kai-tsaye ƙonewa zai yi, in kuma aka haɗa shi da ƙaramar taransifoma da ba ta kai ƙarfinsa ba, ita ce za ta yi zafi ta kama. Soket mai amfiya 13 irin na gidajenmu bai wuce ya ɗauki kimanin wat 3,000 ba. Injin da ke da motar zuƙa biyu da famfo ya kusa cinye wannan shi kaɗai, hitar dumama ruwa kuma tana neman nata. Shi ya sa ake yi wa manyansu waya biyu, don a jona kowace a layinta. Amma sai ka ga an cusa duka biyun a siririyar wayar ƙari ta cajin waya, an cire fis an naɗa zaren tagulla a madadinsa, an karya ƙafar fulogi ta uku wadda ke kai wutar da ta ɓalle ƙasa. Ga mutum tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen kafet.

Kada wani ya raina gobarar da kayan lantarki guda ɗaya zai tayar a dogon gini. A watan Yuni na 2017, wuta ta tashi daga firiji a wani gida da ke hawa na huɗu a benen Grenfell mai hawa 24 a Landan. Kayan da aka lulluɓe bangon ginin da su ne suka ruruta ta, matakala kuma guda ɗaya ce tal, hayaƙi ya cika ta. Mutum 72 suka rasu. Wanda ke hawa na ashirin ba shi da katangar da zai haura ya tsira.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi yawa, ita ce kuma aka fi rainawa. Mai sayen inji yakan ruɗu da ƙarfin feshi, alhali darajar injin wankin kafet tana ga ƙarfin zuƙarsa. Injin araha yana fesa ruwa da kyau, ya kasa janye shi. Sama ya yi fes, Hajiya ta biya, a ce mata "gobe zai bushe". Bayan kwana uku a ɗaga kusurwar kafet ɗin a gani: soson ƙasa sharkaf, a matsa da yatsa ruwa ya fito, simintin ya yi baƙi-baƙi, wani warin rima ya bugi hanci. Fumfuna tana iya fara tsirowa a jiƙaƙƙen abu cikin awa 24 zuwa 48, balle a damina, balle a Legas da iskarta ke cike da laima. A kan wannan kafet jariri yake rarrafe, a kansa mai asma yake sujada. In ruwan ya yi yawa kuma, zai nemi tsaga ya sauka a silin ɗin maƙwabcin ƙasa, kusa da wayoyin fitila.

Sinadari ma haka. Garin sabulun wankin kaya yana yin kumfar da ke shiga motar zuƙa ta lalata ta, ragowarsa kuma ya daskare a gashin kafet yana jawo sabuwar dauɗa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne gauraye-gauraye. Bilic da amoniya, ko bilic da ruwan wanke masai mai asid, suna fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. A ɗakin da tagoginsa ba sa buɗuwa sosai, wannan iskar ba ta da mafita.

Saboda haka ɗan'uwa, in za ka sayi inji, araha ba ta ado. Duba allon da ke jikinsa ka tabbatar na bolt 230 ne, ka san yawan wutar da yake ci. Kada ka biya sai an gwada a gabanka: a zuba ruwa lita goma, a wanke guntun kafet, a auna abin da ya dawo tankin dauɗa. In bai kai rabi ba, bar musu kayansu. Auna faɗinsa da ƙofar lif, ka tuna kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce a bayan yaranka ranar da lif ya tsaya. Haɗa da fankar busarwa, domin kafet ɗin da aka wanke daidai ya kamata ya bushe a yinin, kada ya zarce awa 24. Haɗa da na'urar da ke katse wuta da zarar ta ɓalle, mai milamfiya 30, da waya mai kauri, da sabulun kafet marar kumfa. Inda iska ba ta shiga sosai, akwai injin buroshi mai aiki da ruwa kaɗan, wanda kafet ke bushewa bayansa cikin awa ɗaya ko biyu. Ruwan dauɗa kuwa masai ake zuba shi bayan an tace, ba a watsa shi ta baranda a kan na ƙasa.

Ku kuma masu gida da masu kula da gine-gine, nauyin yana wuyanku. Maigadi ya duba kayan mai wanki tun daga ƙofa, duk abin da ke shan fetur ya tsaya a waje. In babu wuta, a ɗage aikin zuwa ranar da za a samu. Kada a cika kuɗi sai an ɗaga kusurwar kafet an taɓa ƙasansa. Iyayen gidan sana'a kuma ku ji tsoron Allah game da yaran da kuke turawa, amana ce iyayensu suka ba ku. Wanda bai da halin sayen injin da ya dace da bene, ya ci gaba da aikin ƙasa har Allah ya hore masa, domin babu kuɗin wankin da zai biya diyyar rai.